Kabewar Uwar Shefali

Goma sha tara ne. Na kaɗe tokar da aka adana su a ciki, na baje su a kan tabarma, na ƙirga sau uku, ba su ƙaru ba. Irin kabewar matata ke nan da ya rage a duniya, a cikin wata 'yar tukunya da na tarar a bayan buhun shinkafa wata huɗu bayan mun binne ta.

Kada wani ya ce min kabewa ai kabewa ce. Wannan daga gidan uwarta ta zo da irinta, ƙulle a bakin zanenta na sari, ranar da aka kawo min ita a kwalekwale. Gajeriya ce mai kaurin ɓawo, cikinta ja wur, in an dafa ta da jatan lande ba ta narkewa ta koma ruwa irin ta kasuwa. Shekara arba'in da ɗaya Uwar Shefali tana shukawa tana cire iri. Bara ciwo bai bar ta ta shuka ba. Irin ya riga ya ci damina ɗaya a tukunya, kuma a wannan laima tamu babu irin da ke jure ta biyu. In bai tsiro bana ba, shi ke nan, ita ma kabewar ta bi mai ita.

Ga shi watan Ashar na farkon damina ya kama, ruwa ya hau. Gonaki sun nutse, hanya ta nutse, tsakar gidana ma sai da na jera bulo kafin in iya kaiwa murhu. Babu busasshiyar ƙasa ko ta shimfiɗa tabarma, sai dai a kafa dap a kan ruwa, wato tulin kainuwa da muke shuka a kansa.

Dap kuwa aikina ne, ba yabon kai ba. Ka tambayi kowa daga nan har kasuwar jirage wane ne yake kafa dap da ba ta nitsewa, za a ce maka Mofizuddin. Lokacin da nake da gwiwa, mai tsawon kamu sittin nake tulawa a fadama, ni da ɗana Joynal. Yanzu Joynal yana Malesiya yana yankan kwakwar manja, gwiwar kuma ta yi ritaya ba ta yi shawara da ni ba. Sai na ce bari in yi 'yar ƙarama, kamu shida, a tafkin bayan gida.

Aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana cikin jirgi yana janyo kainuwa da ƙugiya yana wurgowa, ɗaya yana tsaye a kan tulin yana tattakewa. Ni kaɗai na yi. Na shimfiɗa gora biyu a kan ruwa, na fara da manyan kainuwa masu tsohuwar kara, don su ne ke ɗaukar nauyi. In janyo, in tula, in hau, in tattake, in sauko, in koma jirgi. An ce kainuwa dashen Allah, to amma dap dashen ƙafa ce, duk inda diddigenka bai danne ba nan ruwa zai shiga. Sau biyu ina juyawa in ce “miƙo” kafin in tuna babu kowa a jirgin. Abin da mutum biyu ke gamawa kafin azahar ya ci min kwana huɗu. Na zare gorar, na kafa turke na ɗaure ta, na bar ta ta ruɓe, don in ka yi shuka a kan ɗanyar dap zafin cikinta kaɗai ya isa ya dafa saiwa.

Duk kwana huɗun nan akwai mai kallona. Tafkin ba nawa ba ne ni kaɗai, rabinsa na yayana marigayi ne, kuma matarsa Rupbanu tana zaune a kan matakalarsu ta can ƙetare, tana taunar ganyen pan, wanda shi ne goronmu, tana tofarwa a ruwa. Shekara goma sha ɗaya ba mu gaisa ba. A kan kifi ne. Ɗanta ya jefa raga ya kwashe manyan kifayen da ni na zuba tun suna 'yan mitsi-mitsi, na yi magana, ta ce wai kifi ba ya yawo da takardar gado. Kifin nawa ne, har gobe ina kan bakana. Na san ita da Uwar Shefali suna haɗuwa wajen wanki suna ƙus-ƙus, na yi kamar ban sani ba.

Yanzu saura curi. Ba a soka iri kai tsaye a cikin dap, sai an sa shi a ɗan dunƙulen ruɓaɓɓiyar ƙaramar kainuwa, kamar girman ƙwan agwagwa, a naɗe da zaren ciyawar ruwa, a ajiye a inuwa har ya tsiro, sannan a ɗora. Wannan aikin mata ne, tun kaka da kakanni. Da safe za ka gan su a gindin bishiya sun miƙe ƙafafu, tulin kainuwa a hagu, curi a dama, baki kuwa ba ya hutawa. Ni da bakina na sha ce wa Uwar Shefali, “Ku dai kun more, muna can ruwa yana cin ƙafafunmu, kuna inuwa kuna gulma.” Sai ta ce, “Haka ne, Baban Shefali,” ta ci gaba da abin da take yi.

To mene ne a cikin curi? Shekara arba'in ina gani. Na ɗebo kainuwa na zauna a bayan ɗaki inda ba mai hango ni daga jirgi, na dunƙula, na matse da hannu biyu har ruwan ya tsiyaye tas, na naɗe gam. Abin da na sani ke nan a duniya, abu sako-sako nitsewa yake yi. Na huda da tsinke, na sa iri ɗaya-ɗaya a guda takwas, na jera a kan ganyen ayaba. Wallahi sun yi kyau, har na ji da ma tana nan ta gani.

Kwana biyar ya kamata su nuna kai. Na shida shiru, na bakwai shiru. Ran na takwas na fasa ɗaya, sai wari ya doke ni. Irin ya zama baƙin kunu. Na fasa sauran, duk haka.

Na zagi irin na ce ya tsufa, na zagi damina. Daga baya na zauna na yi lissafi irin na masu dap, na ce ruwa ne ya sami hanya ya shiga, ashe ban matse da kyau ba. Saboda haka na sake yin shida, wannan karon har da gwiwa na danne su, na naɗe zaren riɓi biyu. Rashin sani ya fi dare duhu. Bayan mako guda na zubar da su a tafki, kifi ma bai kula su ba.

Saura biyar.

Na kira 'yata Shefali a waya. Tana ɗinki a wata masana'antar tufafi a Gazipur, ƙarar kekuna ta cika wayar.

“Baba, lafiya? Ka ci abinci?”

“Na ci. Ke, yaya innarki take yin curi?”

“Curi kuma? Baba, ni ai ban taɓa koya ba, duk ranar da na zauna kusa sai ta kore ni ta ce in je in ɗauki littafi.”

“Ko kaɗan ba ki kula ba?”

“Ka sayi iri a kasuwa mana, na fakiti, ko ma ka sayi dashe. Me zai sa ka wahalar da kanka? Baba, mai duba aiki yana kallona, zan kira ka ran Juma'a.”

Ba laifinta ba ne, amma na ji haushi. Na ajiye wayar na zauna a bakin ƙofa har aka kira la'asar, 'yar tukunyar tana kan cinyata. Gidan ya yi min girma. Tun rasuwarta nake jin kaɗaici, amma ranar ne na ji tsoro, tsoron cewa da hannuna zan ƙarasa abin da ta yi shekara arba'in tana rainonsa.

Wa zan tambaya? Ba zan shiga tsakar gidan wani ƙato in tsuguna a tsakiyar matansa ina cewa a koya min curi ba, kafin in fito labarin ya riga ni zuwa rumfar shayi. Mutum ɗaya ce kaɗai zan iya shiga wurinta babu mai cewa uffan, ita ce kuma na fi ƙin shiga. Kwana biyu ina jayayya da zuciyata. Ran na uku da safe na tattare zanen da ke ƙuguna, na ɗauki tukunyar da wani curi da na yi babu iri, na bi gefen tafkin, ruwa har cinya. An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma wanda ya faɗi haka bai san Rupbanu ba.

Tana kan matakala. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tofar da jan yawu.

“Ikon Allah! Yau kuma wa ya mutu?”

“Salamu alaikum, Bhabi,” na ce, don haka muke kiran matar yaya.

“Wa alaikumus salam. A'a, ashe bakin yana aiki. Na ɗauka ya ruɓe tare da dap ɗin.”

Na ajiye curin a gabanta. Ta danna shi da babban yatsa, bai lotsa ba. Ta ture shi da bayan hannu, ya gangara matakala yana ƙwas-ƙwas har ya faɗa ruwa.

“Wannan curi ne ko dutsen jifan kare?”

“Ba zagi na zo ɗauka ba, Bhabi.”

“Ai kuwa shi za ka fara ɗauka, sauran sai in ya rage wuri. Nawa ka kashe mata?”

“Sha huɗu.”

Ta daina tauna. Sannan ta ce, “Ina kallonka tun ranar farko. Kana tsammanin bayan ɗakin naka ɓoye ne? Ina gani kana murɗe su kamar mai matsar wanki.”

“Kina gani kika yi shiru?”

“Ba kai ka ce kada ko inuwata ta sake taɓa rabin ruwanka ba? Murya ai ta fi inuwa nauyi.”

Na haɗiye wannan ma. Na miƙa mata tukunyar na ce, “Biyar suka rage. Ki yi mata, ba don ni ba.”

Sai ta zaro hannuwanta daga cikin sari ta ɗora a kan gwiwa. Innalillahi! Yatsun duk sun karkace, gaɓoɓin sun kumbura, biyu ma sun hau kan juna. Ta ce shekara biyu ke nan ba ta iya ɗaure bakin buhu, pan ɗin ma wata maƙwabciya ce ke naɗe mata na yini guda. Tsakanina da ita bai fi kamu talatin na ruwa ba, amma ban sani ba.

“Hannu naka, ido nawa,” in ji ta. “Je ka ɗebo kainuwa. Kwando uku.”

“Uku? Curi biyar fa za a yi.”

“Mofiz, koyo ka zo ko koyarwa?”

Na ɗebo. Ta sa na zauna a ƙasa na miƙe ƙafafu irin zaman mata, tulin a hagu. Na yi na farko, ta ce dutse. Na sassauta, ya watse a hannuna. Na sake, dutse. Ta ce da hannu ɗaya ake dunƙulawa, ɗayan naɗi kawai yake yi, iri yana son iska kamar yadda yake son ruwa. Na yi da hannu ɗaya, duk da haka dutse.

“Hannunka ya ƙoshi da yawa,” in ji ta. “Ajiye tukunyar can. Yi ta yi babu iri, kada ka tsaya sai na ce.”

Haka na zauna tun hantsi. Da farko ina ƙirgawa, na wuce ɗari na bari. Ruwan ruɓaɓɓiyar kainuwa yana da ƙaiƙayi, wannan na sani a ƙafa, ban san yadda yake a tsakanin yatsu ba. Zaren ciyawa ya yanke ni a wuri ɗaya, ya koma ya bi ta kan yankan. Bayana ya ƙage. Ƙafafuna suka mutu na daina jin su. Wani mai tallan gishiri da man fitila ya wuce a jirginsa, ya rage gudu, ya buɗe baki yana kallona, na sunkuyar da kai. Na tashi na yi azahar da ƙyar, na dawo ta nuna min tulin da haɓa. Ita kuwa bakinta bai huta ba, ta ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure da wadda ta gudu, na shekara goma sha ɗaya. Sai na gane surutun na mene ne, in ba a yi ba mutum kuka zai yi.

Wajen la'asar yatsuna suka ƙi rufuwa. Ina so in matse, ba hali, sai dai in tattara abin a tafin hannu in lallaɓa shi in naɗe. Na ce, “Bhabi, na gaza, hannun ya mutu.”

Ta ɗauki na ƙarshen da tafukanta biyu, ta danna shi a kumatunta. Ya lotsa, ya dawo.

“Yauwa. Kawo irin.”

Na dube ta.

“Haka ake yi,” in ji ta. “Na safe, lokacin da hannu yake da ƙarfi, na wake ne, shi ko a dutse fitowa yake yi. Kabewa sai hannu ya mutu. Kai ɗari uku ka yi kake nishi. Mu dubu muke yi a yini. Ita marigayiya har da ɗari biyu take ɗorawa, don ta fi mu sauri. Sannan ta tashi da wannan hannun ta tsince shinkafa, ta gyara kifi, ta dafa maka, ka dawo ka ce gishiri bai ji ba. Muna jiyo ka daga nan.”

Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba a rumfar shayi, na zauna ina kallon tafin hannuna. Kunya ta kama ni, kunyar wadda ba ta nan balle in ba ta haƙuri. Hawaye ya zubo, na ce kainuwa ce ta shiga idona, Rupbanu ta ce e, takan yi haka.

Na yi guda biyar da mataccen hannun. Ta ce in huda da ƙaramin yatsa ba da tsinke ba, in sa tsinin irin ƙasa, kada in toshe bakin. Na jera su a ganyen ayaba na ɗauko a ka, na biyo gefen tafkin a hankali.

Kwana huɗu ban je ko'ina ba. Ina yayyafa musu ruwa da yatsu, ina korar kaji. Ran na biyar shinkafa ta ƙare min, dole na tafi kasuwar jirage, ban dawo ba sai yamma lis, babu abin da ya fito. Washegari bayan sallar asuba na ɗaga ganyen da na rufe su da shi, sai ga uku sun lanƙwaso fararen wuya, ɗaya har da ɓawon irin a kansa.

Ban ko sa riga ba. Na ɗauki ɗaya a tafin hannu na faɗa ruwa, ina tafe ina kira, “Bhabi! Bhabi, fito ki gani!” Na hau matakalar, na tarar da ƙofa a kulle da kwaɗo.

Maƙwabciyar da ke naɗe mata pan ta leƙo ta kan shinge ta ja mayafi. Ta ce jiya ɗan Rupbanu ya zo da jirgi mai inji ya tafi da ita birnin Khulna, ruwa ya fara shiga ɗakinta, ya ce ba zai sake barinta a nan ba. Sun kwashe har da tukwane.

“Ta bar maka saƙo, Kawu. Ta ce kifin tafkin duka naka ne, ka ci har ya shaƙe ka.”

Na tsaya a kan matakalar da ɗan tsiro a hannu, babu wanda zan nuna wa. Na nuna wa maƙwabciyar, ta ce masha Allah, ta koma wajen girkinta.

Dap ta riga ta huce, na cusa hannu har gwiwar hannu na ji sanyi. Na ɗora ukun. Ɓera ya yanke ɗaya a mako na biyu, sauran biyun suka kama, na kafa musu rumfar gora daga bakin tafki suka hau. Kabewa huɗu na samu. Na yanka ta farko, ja wur, ita ce dai ba wata ba. Na dafa da jatan lande na ci, na ɗumama na ci, kwana uku ina ci har ta fara tsami, don ba kabewar mutum ɗaya ba ce. Irin kuwa na wanke, na shanya, na gauraya da toka, tukunyar ta cika har wuya.

Mai tallan gishirin nan bai bar labarin a cikinsa ba, na sani. Ranar da na fara komawa rumfar shayi, ina ɗaure jirgina, sai Hashem mai shayi ya ɗaga murya.

“Jama'a, a matsa, a matsa! Ga Uwar Shefali nan ta iso, a ba ta benci.”

Rumfar ta kwashe da dariya. Wani ya ce nawa nake yin dubu, matarsa ta gaji. Wani ya ce ina sarin nawa. Jinina ya hau, na ɗauki kofi zan jefi Hashem, sai hannun ya tsaya. Tun ranar da muka binne ta ban ƙara jin an kira sunan nan da ƙarfi ba. 'Ya'ya kam “Inna” suke cewa, mutanen gari “marigayiya”. Ni kuwa a gida wa zan kira?

Na ajiye kofin na zauna.

Sunan ya bi ni, har yanzu ba su gaji ba. Shayin Hashem ruwa ne zalla, kuma tuƙi zuwa can yana tayar min da ciwon kafaɗa, amma kullum da safe sai na je. Tun ina ɗaure jirgi wani zai ƙwala, “Uwar Shefali, an tashi lafiya?”

Nakan ɗan jinkirta, don ya sake kira. Sannan in ce, “Na'am.”